Masinja na da fayil har kashi uku, kwansaltan ba shi da ko bango

Shekara goma sha ɗaya na yi a rajista, a wata ma'aikata ta jiha da ba sai na kama sunanta ba, kafin na ajiye aikin na koma kasuwa. Wanda bai taɓa zama a rajista ba yana ganin wurin kamar sito ne kawai da ake jibge tsofaffin takardu da ma'aikatan da oga ba ya son gani, kuma gaskiya ba ƙarya ba ne gaba ɗaya don idan aka tsane ka can ake cilla ka. Amma ni dai a nan na san gwamnati. Abin da yake cikin fayil shi ne aka yi, wanda ba ya ciki kuwa ko a gaban mutum dubu aka yi shi to ba a yi ba.

Abin da ya tuno min da maganar, shekaranjiya ne a majalisarmu bayan isha'i aka ɗauko hirar masu ba gwamnoni shawara, wani ya ce wai su nawa ne ma a jihar nan, wannan ya faɗi nasa adadin wancan ya ninka, sai duk aka juyo kaina wai ai ga wanda ya yi rajista. Na ce wallahi ko lokacin da nake ciki da makullin kabad a aljihuna ba zan iya ba ku amsa ba. Suka fashe da dariya wai ina ɓoye sirrin gwamnati ne. Ni kuwa ba sirrin da nake ɓoyewa, babu ne kawai.

Bari ku ji yadda fayil ɗin cikakken ma'aikaci yake. Ranar da ka kama aiki za a buɗe maka guda biyu, na fili da na sirri, a ba ka lamba, wannan lambar kuwa ita ce sunanka har ka mutu. A ciki akwai takardar neman aikinka, da takardar ɗauka, da ta likita, da ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru a kotu, da ta ƙaramar hukumarku, da shaidar makaranta tun daga firamare, da sunan magajinka. Bayan shekara biyu takardar tabbatarwa ta shigo, sai ƙarin girma, sai hutun shekara, sai canjin wurin aiki, sai kwiri idan ka yi laifi da amsar da ka bayar. Kowace takarda za mu huda ta a kusurwa mu zura ta a igiyar nan mai ƙarfe a baki, mu rubuta mata lamba a sama da jan biro, don idan wani ya zare guda a gane. Haka za a yi ta tara maka har ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa.

Akwai wani dattijo masinjanmu, Allah ya jiƙansa, fayil ɗinsa sai da ya kai kashi uku, mun ɗaure su da igiyar buhu don bangon ya gaji. Na taɓa zama na karanta shi wata rana da ba aiki. A ciki har da kwirin da aka ba shi don ya jingine kekensa a barandar darakta, da amsarsa da wani ya rubuta masa da Turanci mai yawan ban haƙuri shi kuma ya dangwala. Akwai takardar neman rancen keken ma. Wato gwamnati ta san ranar da ya sayi keke, ta san inda ya jingine shi.

To sai ga wasu mutane kuma da suke shigowa ma'aikatar su ma kullum, suna da ofis mai iyakwandishan, ana kiran su miting ɗin da darakta ma wani lokaci ba a kiransa, maganarsu ita ke zama mimo, mimon ya zama kasafin kuɗi, amma mu a rajista ba mu da ko bango da sunansu. Kala-kala ne. Akwai tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya aka sake kiransa a kan kwantiragi, shi da ɗan sauƙi, wani lokaci a ci gaba da tsohon fayil ɗinsa. Akwai kwansaltan da aka ɗauko don wani aiki na wata shida ko shekara. Akwai masu ba da shawara na siyasa. Sannan akwai waɗanda Bankin Duniya ko wata ƙungiyar waje ta turo a ƙarƙashin wani shiri, su da Hilux ɗinsu da laftof ɗinsu suke zuwa, ranar da shirin ya ƙare su naɗe komai su tafi, sai dai ka ga sitika a jikin ƙofa.

Dalilin ba wai mugunta ba ne ko lalacin 'yan rajista, tsarin ne ya zo a haka. Shi kwansaltan a idon doka ba ma'aikaci ba ne, aikinsa aka saya, kamar yadda ake sayen taya ko tebur. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, tana da sashe guda a kan ɗaukar kwansaltan, kuma ta ce a adana takardun kowace kwangila na shekara goma, jihohi ma da yawa sun yi tasu irinta. Saboda haka takardunsa ba sa zuwa sashen ma'aikata, suna tafiya fayil ɗin kwangilar, idan an buɗe kenan. Biyansa kuma ba ta albashi yake bi ba, baucha ake yi masa a akawun, a cire haraji, a tura. Sai ka ga mutum ɗaya an yanka shi uku, yarjejeniyarsa tana ofishin kwangila, kuɗinsa yana akawun, rahoton da ya rubuta yana durowar wanda ya karɓa, kuma ba wata takarda ɗaya da ta haɗa ukun.

Na siyasa kuwa nasu ya fi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shugaban ƙasa dama a sashe na 151 ya naɗa masu ba shi shawara na musamman, gwamna kuma a sashe na 196, majalisa ce ke ƙayyade yawansu, kuma ranar da mai gidan ya sauka su ma sun sauka. Shi ya sa kuka ji majalisar dattawa ta amince wa Buhari da mutum 15 a 2015, ta amince wa Tinubu da 20 a 2023. Wannan kenan a takarda. Amma ban da su akwai manyan mataimaka na musamman da mataimaka na musamman da mataimakan mataimaka, waɗanda ba sa bi ta wannan ƙofar, takardar naɗinsu daga ofishin sakataren gwamnati take fitowa, a rediyo muke ji kamar kowa, sai dai da safe ka ga an zo ana neman a kwashe wa wani ofis. Ranar da gwamnati ta canza kuwa da idona na ga ana loda fayil-fayil a but ɗin mota, ka yi magana a ce ai takardun oga ne na kansa.

Wanda ya sa abin ya tsaya min a rai wani dattijon injiniya ne. Wata Talata ya shigo da hantsi, farar shadda wankakkiya amma ta sha jiki, da leda a hannu, ya yi sallama ya tsaya a bakin kanta. Na ba shi kujerata don ba mu da ta baƙi.

Ya ce, "Ɗana, fayil ɗina nake so a duba min."

Na ce, "To Baba, mene ne lambar?"

Ya yi shiru kaɗan, ya ce shi ba a ba shi lamba ba. Ashe a wata hukuma daban ya yi aikinsa har ya yi ritaya, sai wani kwamishina na lokacin da ya san shi ya roƙe shi ya zo ya taimaka na wata goma sha takwas a kan bututun ruwan wani gari, don shi ne kusan kaɗai ya rage da ya san inda aka binne tsofaffin layuka da bawul-bawul. Ya zo ya yi, an biya shi na shekara ɗaya, kafin a biya ragowar wata shidan aka yi wa kwamishinoni garambawul, shikenan. Shekara huɗu yana zarya. A akawun an ce ya kawo shaida daga sashen ma'aikata cewa ya yi aikin, sashen ma'aikata sun ce ya zo rajista, to ga shi ya zo.

Na duba katin sunaye, babu. Na duba babban littafin da muke rubuta duk fayil ɗin da aka buɗe, shekara biyu na bi layi-layi da rula, babu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wata takarda a hannunka?" Ya buɗe ledar ya fito da fotokwafin takardar da kwamishinan ya sa wa hannu, layi biyar ce, ba lambar fayil a samanta, inda ya kamata a sa lambar an bar shi fari. Da na ga haka na san daga ofishin kwamishina aka buga ta aka miƙa masa hannu da hannu, ba ta taɓa biyowa ta wajenmu ba. Sai wata takardar banki da ke nuna kuɗi sun shigo sau biyu, an cire kashi 5 cikin ɗari na haraji.

Ya ce, "Ɗana, duk ma'aikatar nan ba wanda bai san ni ba. Direban da ke kai ni yana nan, na gan shi a bakin get yanzu."

Na ce, "Baba ai ni ma na yarda, amma direba ba ya shiga fayil."

Har yau ina jin kunyar wannan maganar, ban san yadda ta fito ba, shi kuwa murmushi kawai ya yi ya ce haka ne.

Sati biyu na yi ina bin abin a lokacin da ba aiki, ba don ina da wani iko ba, kawai dai dattijon ya yi kama da mahaifina. A akawun wani abokina ya tono min baucha guda ɗaya daga cikin biyun, an rubuta sunansa ba daidai ba, kuma an caje ta a ƙarƙashin kuɗin gyaran injinan ruwa, wato a lissafin gwamnati Baba injin ne. Rahoton da ya rubuta kuwa, ya ce min kundi biyu ne da taswirori, a sito na samu na biyun cikin kwalin ruwan roba tare da tsofaffin kalandu, gara ta cinye gefe ɗaya, taswirar da ke naɗe a bayansa da na buɗe sai da rabinta ya zube kamar garin kwaki. Inda ya rage kana ganin rubutunsa da fensir, ƙanana, ya sa alama a kowace mahaɗa har da zurfin da za a haƙa. Na farkon ban same shi ba. Kuma a daidai wannan lokacin akwai wasu samari da aka ɗauko daga wani kamfani suna yawo a garin da na'ura suna neman layukan nan dai, an biya su kuɗin somin aiki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba yau muka fara ɗauko mutanen waje ba balle a ce ba mu saba ba. Arewa da ƙwararrun haya aka gina ta. Zamanin Sardauna manufar gwamnatin Jihar Arewa a fili take, idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, idan babu a ɗauko na waje a kan kwantiragi kafin namu su taso, don kada a cike gurbin da na dindindin. Duk wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 zuwa 1980 zai tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya da Pakistan, da likitoci 'yan Masar a asibitoci, duk a kan kwantiragi suke. Tsarin birnin Kaduna na 1967 kamfanin Max Lock na Ingila ne ya yi. Aikin noman rani na Kogin Kano da ke shan ruwa daga dam ɗin Tiga na zamanin Audu Bako, kamfanin NEDECO na Holan ya yi nazarinsa. Abuja kanta wani gungun kamfanonin Amurka ne ya zana babban tsarinta a 1979, tsakiyar birnin kuma Kenzo Tange ɗan Japan. Waɗannan mun san su ne saboda an buga aikinsu an ajiye. Na taɓa raka wani ɗan uwana mai bincike gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, aka fito masa da fayil na zamanin Turawa, takardar ta yi ja ta bushe amma lambobin shafi a jere, kowane minit da kwanan wata da sa hannu, na zauna ina kallo kamar in yi kuka, don aikina ne nake gani an yi shi yadda ya kamata tun kafin a haifi babana.

Za ku ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne. To an kawo tsarin kwamfuta na IPPIS a tarayya tun 2007 don a haɗa bayanan ma'aikata da albashi wuri ɗaya, kuma ya yi amfani ba laifi, a farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta ce ta cire sunayen bogi 23,846 bayan an gwada da lambar BVN. Amma shi ma an ɗinka shi ne daidai jikin ma'aikacin dindindin. Cikin ƙorafin da ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi ta yi a kansa har da wannan, cewa bai san da malamin da ya zo koyarwa na ziyara daga wata jami'a ba, ko wanda ya zo hutun sabatika, ko na kwantiragi, alhali jami'a ba ta tafiya sai da irinsu, musamman sababbin jami'o'in da ba su da isassun farfesoshi. Yana cikin abin da aka yi yajin aikin wata takwas a kansa a 2022, daga baya a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga tsarin. Wato ramin da ke cikin kabad ɗinmu na ƙarfe shi aka kwafa aka sa a kwamfuta.

Kuma ba irin su Baba kaɗai abin ke cuta ba, ta ɗaya gefen ma haka ne, inda ba fayil kowa na iya zuwa ya ce ya yi aiki. Kun tuna rigimar dala miliyan 418 da wasu kwansaltoci suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi a kan kuɗin Paris Club, wato rarar da aka cire musu wajen biyan bashin ƙasashen waje, da aka dawo da su, gwamnoni suka ce ba su yarda a cire musu ba, aka yi ta shiga kotu ana fita a 2021 da bayanta. Ni ba alƙali ba ne, amma a matsayina na tsohon ɗan rajista tambayar da ta fara zuwa min ita ce wa ya ɗauke su, ina takardar, ina aikin da suka miƙa, wa ya sa hannu ya karɓa. Tambaya huɗu ce da fayil mai shafi goma zai amsa. Mai gaskiya ya rasa shaida, marar gaskiya kuma ba abin da za a ƙaryata shi da shi, duk daga rami ɗaya.

Wani a majalisarmu ya ce to ai akwai dokar 'yancin samun bayanai, a rubuta a tambaya mana. Akwai, Jonathan ya sa mata hannu a 2011, ta ce a ba ka amsa cikin kwana bakwai. Sai dai ita kanta ta ware fayil ɗin ma'aikata da bayanan mutum na kansa daga abin da za a ba kowa, kuma ni ban ga laifin hakan ba, don na san abin da ke cikin fayil, akwai rashin lafiyar mutum, akwai bashinsa, akwai rigimar gidansa. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe min a takardar neman aikin wani bawan Allah da hotonsa da lambar wayarsa da ta asusunsa, mai ya jiƙa fuskar, to irin wannan ne ya sa aka yi dokar kare bayanai ta 2023 kuma Allah ya sa ta yi aiki. Amma sunan wanda aka ɗauko, da aikin da aka ɗauko shi ya yi, da tsawon lokacin, da nawa aka biya, da inda rahotonsa yake, wannan ba sirrin kowa ba ne, kuɗin jama'a ne. Matsalar dai ko ka rubuta ka tambaya, takardar taka rajista za ta zo, a yi minit a kanta a ce a kawo bayani, mu kuma mu buɗe kabad mu rufe.

Ni abin da na yi wa Baba ƙarami ne. Na ɗauki sabon bango na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, na ba shi lamba a jerin fayil ɗin wucin gadi, na zura fotokwafin takardar kwamishina shafi na 1, takardar banki na 2, bauchar da abokina ya tono na 3, bangon rahoton da gara ta bari na 4, na rubuta ɗan minit a kai na tura sama. Da ya dawo na rubuta masa lambar a bayan katin ɗaurin aure da ke aljihuna, ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Allah ya yi maka albarka ɗana," ya sa a cikin hularsa.

Fayil ɗin ya hau sama ya yi wata uku, ya dawo da rubutu layi ɗaya da koren biro cewa a ajiye tukuna. Bayan sati ɗaya ogan rajista ya kira ni ofishinsa, ya ce, "Kai wa ya ba ka izinin buɗe wa wanda ba ma'aikaci ba fayil?" Na ce, "Yallaɓai, gani na yi dattijo ne." Ya ce shi ma ya gani, amma daga sama aka ce a tambaye ni a rubuce, ya miƙo min kwiri, awa 24 in amsa. Na amsa, na ba da haƙuri, ni da kaina na huda kwirin da amsar na zura su a fayil ɗina na sa musu lamba da jan biro, shafi na 87 da na 88.